Amaryar da Marubuci Ya Hana Zuciya

Shirinmu na musamman yau zai leƙa gidajen auren da marubutanmu ke ginawa a cikin littattafai.

Makon jiya na karanta wani littafi mai kashi uku, kuma raina bai yi daɗi ba. Ban kai shafi na goma ba na san makomar kowa. Uwargida mai haƙuri ce, kullum tana kan darduma tana share hawaye. Amarya tun ranar da aka kawo ta take sintirin gidan boka. Uwar miji ba ta buɗe baki sai da gori, maigida kuwa an shanye shi. A kashi na uku amarya ta haukace, ta tona wa kanta asiri a tsakar gida, kamar yadda na zata tun farko.

Ni a gidan mata biyu na tashi. Na ga ranar da suka yi cacar baki a kan ludayi, har suka kwana uku ba sa ga maciji. Daren na huɗu zazzaɓi ya kama ƙanena, mahaifiyarmu ta rikice. Kishiyarta ce ta fito da fitila, ta goya yaron, ta yi gaba zuwa asibiti ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba. Gari ya waye, gabarsu ta ci gaba daga inda ta tsaya. Irin wannan matar nake nema a littafi, na kuwa daɗe ban gamu da ita ba.

Kuma adabinmu ya san hanyar. Ku tuna Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930. Abubakar aka zalunta, Malam Shehu ya ƙwace masa Zainabu da ƙarfin dukiya, kana tausaya masa. Sai ga shi ya tafi neman asirin da zai lalata Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tausayinka ya rasa inda zai zauna. Haka Rabi a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990: da mijinta Alhaji Abdu ya kore ta saboda amaryarsa Delu, sana'ar abinci ta kama ta riƙe 'ya'yanta.

Na san uzurin marubuta. Yawancinsu faɗakarwa suke son yi, suna gudun a ce sun yi wa mugunta ado. To amma macen da ba ta ga kanta a cikin amaryar nan ba, ta yaya za ta ji da ita ake?

Amaryar littafin can tana da uwa a ƙauye, sau ɗaya aka ambace ta. Na so in ji abin da suke faɗa wa juna idan sun keɓe a ɗaki, amma har littafin ya ƙare ba a kai mu ba.