Yadda dusar ƙanƙarar farkon hunturu ke zama tarko a tsaunukan Kolorado

A hunturun 2020 zuwa 2021, zaftarewar dusar ƙanƙara ta hallaka mutum 37 a Amurka, 12 daga cikinsu a jihar Kolorado. Da dama sun mutu ne a watan Fabrairu, amma abin da ya yi ajalinsu ya kwanta a kan tsaunuka tun farkon hunturu.

Yadda tarkon ke ɗanuwa

A watannin Oktoba da Nuwamba dusar kan sauka kaɗan, sannan sama ta washe. A gangaren da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta cika kaiwa ba, wannan 'yar dusar ba ta narkewa. Ƙasar da ke ƙarƙashinta tana kusa da digiri sifili a ma'aunin Salshiyas, iskar da ke samanta kuwa ta fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Idan bambancin ya kai digiri 10 a kowace mita ta kaurin dusar, sai tururi ya riƙa ratsa ta zuwa sama, ƙwayoyinta su rikiɗe su zama masu kusurwa, ba sa manne wa juna, tamkar sukari.

Idan dusa mai yawa ta zubo daga baya, iska kuma ta danƙare ta, sai ta zama kamar allon katako da aka shimfiɗa a kan tsabar gero. Nauyin mutum ɗaya na iya karya ƙasan, allon ya sulale gaba ɗaya. Wannan raunin kan daɗe makonni ko watanni a ɓoye, har ma akan tayar da zaftarewar daga nesa.

Su wa abin ya fi shafa?

A wuraren wasan zamiya na kamfanoni, ma'aikata kan tayar da nakiya su zaftare dusar kafin a buɗe wa jama'a. A cikin daji babu mai yin wannan aikin, ga shi kuma annobar korona ta sa mutane da yawa sun karkata can. Gangaren da ya fi zaftarewa shi ne mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wanda kuma shi ne masu wasan suka fi sha'awa. A kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ke tayar da zaftarewar.

Gargaɗi da ceto

Cibiyar bayar da bayanan zaftarewar dusa ta gwamnatin Kolorado tana fitar da hasashe kullum a lokacin hunturu, bisa matakan haɗari biyar. Mataki na uku ne ya fi cin rayuka, domin haɗarin ya yi girma amma bai kai na hana mutane fita ba.

Wanda dusa ta binne na da kyakkyawar damar tsira idan aka tono shi cikin minti 15 na farko. Bayan haka damar na raguwa cikin sauri saboda rashin iska. Jami'an ceto ba safai suke isa a wannan ɗan lokacin ba, don haka kowa kan ɗauki na'urar gano wuri, da sandar bincike, da shebur. Sai dai kayan ba sa hana dusa zaftarewa. A shekarar da ƙasan ya ruɓe tun farko, shawarar masu hasashe ita ce a guji hawa gangare mai tsayi, a kuma guji bi ta ƙarƙashinsa, har sai raunin ya warke.