Inda Al'ummar Inuit Ke Zaune

Al'ummar Inuit na zaune ne a can ƙuryar arewacin duniya, inda a mafi yawan wurare sanyi ba ya barin itace ya girma, balle a yi maganar noma. Ƙasarsu ta faro daga Alaska ta Amurka, ta ratsa arewacin Kanada, ta dangana da tsibirin Girinland. Kakanninsu sun taso daga Alaska wajen shekara ta 1000, suka nausa gabas da kwalekwalen fata da amalanken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara, suna bin manyan dabbobin teku.

Wannan farauta ce ta sa kusan dukkan garuruwansu suke bakin teku. Idan ruwa ya daskare, shi ne hanya, shi ne dajin farauta. Maharbi kan tsaya shiru a bakin ramin da dabbar ruwa ke leƙowa ta shaƙi iska, da mashi ko bindiga a hannu, har ta ɓullo.

A Kanada, ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kimanin 70,000. Yankunansu huɗu ne: Inuvialuit a yamma, Nunavik a arewacin Kebek, Nunatsiavut a Labrador, sai Nunavut, wadda aka kafa a 1999 da hedikwata a Iqaluit. Babu titin mota da ya haɗa garuruwan Nunavut 25. Kaya sai ta jirgin sama, ko jirgin ruwa idan ƙanƙara ta narke, shi ya sa abinci ke da ɗan karen tsada. Ba kowane gari ba ne mutanensa suka zaɓa da kansu. A 1953 gwamnati ta kwashe wasu iyalai daga Inukjuak zuwa can arewa mai nisa, wuraren da suka zama Grise Fiord da Resolute, suka sha yunwa da duhu. Sai a 2010 ta nemi afuwa.

Girinland kuwa tana ƙarƙashin masarautar Denmak, amma tana da gwamnatinta a Nuuk tun 1979, aka kuma faɗaɗa ikonta a 2009. Yawancin mutanenta, su kusan 56,000, Inuit ne, kuma ƙanƙara ta lulluɓe kusan kashi 80 cikin ɗari na tsibirin.

Na Alaska ana kiransu Inupiat. A garinsu na Utqiagvik rana kan faɗi a watan Nuwamba, ba ta sake fitowa sai ƙarshen Janairu.