Me Ya Sa Kwamfuta Take Mutuwa Ana Cikin Aiki?

A ziyarar da muke kai wa ikkilisiyoyin karkara, kukan da muke yawan ji daga fastoci da sakatarori shi ne kwamfuta tana mutuwa haka kawai ana tsakiyar aiki. A wani ƙauye, sakatare ya kwana yana rubuta sunayen gwauraye da marayu da za a raba wa hatsi, kwamfuta ta ɗauke, aikin duka ya tafi. Dole aka ɗaga rabon da mako guda. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani, domin yawancin wannan matsala ana iya gane ta a gida kafin a kashe kuɗin mota zuwa birni.

Abu na farko shi ne mu lura da lokacin da take mutuwa, gama lokacin ne yake nuna ciwon.

Zafi da ƙura

In ta fara aiki lafiya, bayan ɗan lokaci fankarta ta soma ƙara, jikinta ya ɗauki zafi, sannan ta mutu, to zafi ne. An ƙera ta yadda in ƙwaƙwalwarta ta kai wajen digiri 100 za ta rage gudu, in zafin ya ƙaru ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofin iska, zafin bazara kuma ya ƙara a kai. Mu kashe ta, mu cire waya daga soket, mu share ƙofofin da buroshi mai laushi. Kada mu hura da baki, saboda yawu. Kada mu ɗora ta hannu a kan katifa ko matashi, sai a kan tebur. Mayafin da muke rufe ta da shi kuma a ɗauke kafin a kunna.

Wuta

In tana mutuwa daidai lokacin da aka jona dutsen guga ko famfon ruwa, ko lokacin da janareto ya yi tari, laifin wuta ne. Wutar da ya kamata ta shigo gida a Najeriya bolt 230 ce, amma sau da yawa takan sauka ƙasa sosai. Mu duba soket da filogi, domin wanda ya saki yana katse wuta da ɗan motsi kaɗan. A bar janareto ya daidaita kafin a jona kwamfuta, a kuma kashe ta kafin a kashe shi. Masu amfani da sola su duba ko batirin ya yi sanyi, musamman da dare. Sitabilaiza yana daidaita wuta, UPS kuma yana ba da 'yan mintoci a adana aiki, amma batirinsa yakan gaji bayan shekara 2 ko 3, a canja shi. Da damina, da zarar hadari ya taso a cire duk wayoyi saboda aradu.

Batir

Kwamfutar hannu da take mutuwa da zarar an cire caja, batirinta ya tsufa. In muka ga ya kumbura har ya ɗaga madannai, mu daina amfani da ita nan take, gama yana iya kama wuta. Kada a huda shi, kada a jefa shi a murhu.

Ciwon ciki

In allo ya koma shuɗi ko baƙi da rubutu kafin ta sake tashi, mu ɗauki hoton rubutun da waya mu nuna wa mai gyara. Wani lokaci ƙwayar cuta ce da ta shigo ta filas, wani lokaci RAM ne ya motsa saboda jijjigar hanya. Mu sani kuma cewa kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Gargaɗi

Kada kowa ya buɗe akwatin wutar da ke cikin kwamfutar tebur. Yana riƙe wuta ko bayan an cire waya, yana iya hallaka mutum. In mun ji ƙauri ko mun ga hayaƙi, mu cire waya mu nemi mai gyara.

A ƙarshe, mu saba danna Ctrl da S kowane minti 10. Kowace Asabar a kwafe rajistar baftisma, lissafin baiko da sunayen masu karɓar taimako a filas biyu, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin fasto, a kuma buga muhimman a takarda. Kayan nan amana ce da aka ba mu domin hidimar mabukata. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon ta. Amin.