Asalin Turanci: Yadda Harshen Manoma Ya Game Duniya

Jama'a masu karatu, da yawa daga cikinmu suna jin tsoron Turanci. Suna ganin harshe ne na manya tun fil azal. To, ku sani akwai zamanin da Turancin Ingilishi harshen manoma ne da makiyaya, ko a fadar sarkin ƙasarsu ba a magana da shi. Ga yadda tarihinsa yake.

Ingila tana cikin wani tsibiri ne da ake kira Birtaniya. Romawa sun mallaki yawancin tsibirin nan kusan shekara 400, suka bar shi wajen shekarar 410. Bayan tafiyarsu sai wasu ƙabilu uku suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da ƙasar Danmak. Su ne Angil da Sakson da Jut. Sun zo yaƙi, daga baya suka zauna suna noma. Daga sunan Angil aka sami sunan Ingila da na Ingilishi. Shi ya sa har yau Turanci da Jamusanci suke kama da juna, kamar 'yan'uwan da suka haɗa kaka.

A shekarar 597 masu wa'azin Kirista suka iso daga birnin Rum. Ta hanyarsu aka fara rubuta Ingilishi da baƙaƙen Romawa, irin waɗannan da muke rubutun boko da su. Daga shekarar 793 kuma wasu mayaƙan ruwa daga arewa, waɗanda ake kira Baikin, suka riƙa kawo hari. Da yawansu suka zauna, aka yi auratayya. Kalmomin Turanci na yau da kullum kamar egg, wato ƙwai, da sky, wato sararin sama, daga wurinsu aka samo su. A wannan zamani ne Sarki Alfired, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya sa aka juya littattafai daga harshen Latin zuwa Ingilishi don mutanensa su karanta.

Babban sauyi ya zo a shekarar 1066. Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi ya hau gadon sarauta. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na masu ƙasa har kusan shekara 300, Latin kuma na malaman coci. Ingilishi aka bar wa talakawa. Alamar wannan tana nan har gobe. Saniya tana wurin makiyayi sunanta cow, kalmar Ingilishi ta asali. In namanta ya je gaban mai gida sai ya koma beef, kalmar da ta fito daga Faransanci. Haka tunkiya sheep ce, namanta kuwa mutton.

Amma harshen da ake goyon yara da shi ba ya mutuwa da sauƙi. Sannu a hankali jikokin baƙin suka koma magana da Ingilishi. A shekarar 1362 aka yi doka cewa a riƙa shari'a da shi a kotu. Sai dai kafin lokacin ya riga ya haɗiye dubban kalmomin Faransanci, musamman na mulki da na shari'a.

Me ya sa rubutun Turanci dabam, faɗarsa dabam? A shekarar 1476 wani ɗan kasuwa, William Caxton, ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila. Buga littattafai ya taimaka wajen tsayar da rubutun kalmomi, amma bakin mutane ya ci gaba da sauyawa. Kalmar knife, wato wuƙa, da can ana furta harafin k na farkonta. Yanzu an daina, amma ba a cire shi daga rubutu ba. Saboda haka in rubutun Turanci ya ba ka wuya, ba laifin kanka ba ne. 'Ya'yan Turawa ma sai sun sha hadda.

Daga baya jiragen ruwa suka fita da harshen. A 1607 Ingilishi suka kafa garin Jamestown a Amurka. Ciniki da mulkin mallaka suka kai shi Indiya da Afirka, har ya iso ƙasar Hausa, inda Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Mun ari mota da tebur da bokiti daga gare su. Su ma masu aro ne: kalmarsu sugar da tamu sukari duk sun biyo ta Larabci.

Ashe ke nan babu harshen da aka haifa da rawani. Turanci ya girma ne don masu shi sun riƙe shi lokacin da aka raina shi, sun yi aro ba tare da jin kunya ba, kuma sun rubuta shi. Wanda ya san wannan zai koyi Turanci ba da fargaba ba, kuma ba zai raina nasa harshen ba.