Ci Gaban Labarin da Ba a Shirya Masa Ba

A fagen nazarin ƙagaggun labarai, akwai bambanci tsakanin jerin littattafan da marubuci ya tsara tun farko da ci gaban da ya tsiro daga baya saboda littafin farko ya sami karɓuwa. Nau'i na biyu ya fi wuyar sha'ani, musamman a labaran mamaki, wato waɗanda ake gina su a kan wata duniya ta daban mai nata halittu da dokoki. Dalili kuwa shi ne, duk abin da marubuci ya faɗa a littafin farko ya zama bashi a kansa, kuma mai karatu ba ya yafe irin wannan bashi.

Misali mafi fitowa fili shi ne na J. R. R. Tolkien, shehin malami a Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila. A shekarar 1937 kamfanin George Allen & Unwin ya buga littafinsa mai suna The Hobbit, labarin yara ne a kan Bilbo, wata ƙaramar halitta mai kama da mutum, wanda ya raka wasu wadanni ƙwato dukiyarsu daga hannun wani dodo mai aman wuta. Labarin ya kammala tsaf, tauraron ya koma gida ya zauna lafiya. Da littafin ya yi kasuwa, sai mawallafa suka nemi ci gaba. Tolkien ya miƙa musu tsofaffin rubuce-rubucensa na tarihin wannan duniya da ya ƙaga, suka ƙi, domin su Bilbo suke so. A watan Disamba na wannan shekara ya fara sabon labari ba tare da ya san inda zai dosa ba.

Abin da ya yi shi ne komawa cikin littafin farko ya nemo zaren da zai ja. Zaren da ya samu wani zobe ne da Bilbo ya tsinta a cikin kogo. A labarin farko aikin zoben bai wuce na layar zana ba: in an saka shi sai a ɓace. A sabon labarin sai ya zama mugun abu mai mallake zuciyar wanda ya riƙe shi, wanda dole a hallaka shi. Tauraro ma ya canza, Frodo magajin Bilbo ya ɗauki nauyin tafiyar.

A nan ne bashin ya taso. A bugun 1937, wata halitta mai suna Gollum ta yi gasar kacici-kacici da Bilbo, ta kuma yi alkawarin ba shi kyauta in ya ci, kyautar kuwa ita ce zoben. Da ta neme shi ta rasa, sai ta ba shi haƙuri ta nuna masa hanyar fita. To, ta yaya wanda zobe ya mallake zai sa shi a caca da son ransa? Tolkien ya sake rubuta wannan babi, aka fitar da shi a bugu na biyu a 1951, inda Gollum ya zama maƙetaci mai tsine wa Bilbo a kan ya yi masa sata. Bai tsaya nan ba. Maimakon ya yi kamar tsohon babin bai taɓa wanzuwa ba, sai ya bayyana a sabon littafin cewa wancan zance ƙarya ce Bilbo ya shara wa abokansa, kuma zoben ne ya sa shi. Ke nan saɓanin da zai iya rusa labarin ya koma hujjar da ke ƙarfafa jigonsa. Wannan dabara ta fi gyaran kansa burgewa.

Aikin ya ci wajen shekara 12, aka buga shi da sunan The Lord of the Rings a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Salonsa ya yi nauyi, ya bar yara ya koma na manya. Saboda haka malamin da zai koyar da littattafan biyu a jere yana bukatar ya tantance bugun The Hobbit da ke hannun ɗalibansa, domin wanda ake sayarwa a yau mai gyararren babin ne.

Daga baya Tolkien ya gwada wani ci gaban mai suna The New Shadow, ya rubuta shafuka kaɗan ya ajiye, bai sake kammala shi ba har rasuwarsa a 1973.