FITAR NIJAR DAGA ECOWAS: GARDAMAR DA TA ISO HAR BARNAWA

Ranar 29 ga watan Janairun 2025 ne Jumhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda ƙasashen da ke amfani da Faransanci suke kira CEDEAO. Da fitarsu, yawan ƙasashen ƙungiyar ya ragu daga 15 zuwa 12, fiye da rabin faɗin ƙasarta kuma ya tafi da su. Abin da ya fi jawo ka-ce-na-ce shi ne sun tafi ba tare da an zauna an sa hannu a kan wata yarjejeniyar rabuwa ba.

Daga unguwar Barnawa, a kudancin kogin Kaduna, zuwa bakin iyaka a Jibiya akwai tafiya mai nisa, har mutum ya yi zaton maganar ba ta shafi mazauna wurin ba. To, amma unguwa ce ta ma'aikatan gwamnati da waɗanda suka yi ritaya da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, mutane ne masu sauraren rediyo, masu son muhawara. Har wa yau, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, ba a rasa 'yan Nijar a cikin masu shayi da masu gadi da 'yan ga-ruwa. Ragon Layya ma sau da yawa daga can ya taso. Saboda haka gardamar ta zauna daram a majalisun hira na yamma, ta raba mutane gida biyu.

Asalin rikicin shi ne juyin mulkin da Janar Abdourahamane Tiani ya yi wa Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja a ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin wa'adin mako ɗaya su mai da Bazoum kan mulki, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka tsai da ciniki, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar da ƙasar ke amfani da ita a lokacin. Nan da nan Arewa ta ɗau zafi. Sanatocin Arewa suka ce ba su yarda a kai yaƙi ba, Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da tura soja ranar 5 ga Agusta, ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa, watau ACF, mai hedkwata a nan Kaduna, ita ma ta yi kira a bi hanyar lalama. Malamai a ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka tafi Yamai suka gana da Tiani. Yaƙi dai bai auku ba, amma zukata sun riga sun ɓaci. Ranar 16 ga Satumbar 2023 ƙasashen uku suka kafa ƙawancensu na Sahel da ake kira AES, ranar 28 ga Janairun 2024 kuma suka ba da sanarwar cewa sun fita nan take.

Masu goyon bayan fitar suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta. Sun ce ƙungiyar da Janar Yakubu Gowon da Janar Gnassingbe Eyadema na Togo suka yi ɗawainiyar kafawa a Legas ranar 28 ga Mayun 1975 an kafa ta ne domin ciniki da zumunci, mafi yawan waɗanda suka sa hannu ma sojoji ne ko masu mulkin jam'iyya ɗaya. Yaya za a yi ta wayi gari tana hana talakan Tawa da Damagaram magani da wuta saboda laifin da ba shi ya yi ba? Suna kuma tambaya, ina ƙungiyar take sa'ad da Alassane Ouattara ya nemi wa'adi na uku a Kwaddibuwa a 2020? A ganinsu muryar Faransa ce ake ji daga bakin ECOWAS, wanda kuwa ya ga ana wasa masa wuƙa ba zai tsaya neman takardar sallama ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda tsofaffin ma'aikata suka fi yawa a ciki, ba kare takunkumin suke yi ba. Da yawansu sun yarda an yi gaggawa, Gowon da kansa ya roƙi a janye shi, aka kuwa janye ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris. Abin da suke cewa shi ne, wa aka tambaya? Babu ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da aka jefa a Nijar, babu majalisar dokoki da ta zauna, domin sojoji sun riga sun rushe ta. Sanarwa ce kawai aka karanta a talabijin, aka yanke zumuncin kusan shekara 50.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dubi abin da ya faru a Birtaniya, inda aka fara jin kalmar fita ba yarjejeniya. Ranar 23 ga Yunin 2016 mutanen ƙasar suka zaɓi barin Tarayyar Turai da rinjayen kashi 52 cikin 100. Dokar Tarayyar ta tanadi shekara biyu domin a daidaita sharuɗɗan rabuwa, amma duk da haka majalisar dokokinsu ta yi watsi da yarjejeniyar Firayim Minista Theresa May har sau uku a 2019, abin da ya ci kujerarta. Magajinta Boris Johnson ya ce zai fita ko da yarjejeniya ko babu, majalisar ta yi doka ta ɗaure masa hannu. Sai ranar 31 ga Janairun 2020 aka fita, da yarjejeniya a hannu, aka ƙulla ta ciniki a ƙarshen shekarar. Abin da ya fi ba su wuya kuwa shi ne iyakar tsibirin Ailan, inda dangi ɗaya suke zaune a ƙasashe biyu. Wanda ya san Katsina da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Sarautar Maraɗi ma zuriyar sarakunan Katsina ce waɗanda suka koma can bayan jihadi, tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layinsu.

Ita ECOWAS, sashe na 91 na dokarta cewa ya yi ƙasar da ke son fita ta ba da sanarwar shekara ɗaya, ta kuma ci gaba da cika alkawuranta a cikin wannan shekara. Bai shimfiɗa yadda za a raba kaya ba. Ke nan tun farko akwai giɓi, ƙasashen uku kuma suka ƙi amfani da ɗan lokacin da aka ba su. A taron Abuja na 15 ga Disambar 2024 an ƙara musu wata shida ko za su sake shawara, suka ce bakin alƙalami ya bushe.

To, me ya rage wa mai shayin Barnawa? Tun 1979 akwai yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, daga baya aka ƙara da 'yancin zama da kafa sana'a. Wannan haƙƙi ne rubutacce. A ranar fitar, hukumar ECOWAS ta umurci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su bar kayansu su shigo bisa tsohon tsari, amma ta ce har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen AES a Disambar 2024 sun ce 'yan ECOWAS su shigo ba biza, sai dai sun riƙe ikon hana wanda suka ga dama. Watau abin da a da yake haƙƙi ya koma alfarma. Alfarma kuwa ranar da aka ɓata ake janye ta, an kuma ga yadda ɓacin ke zuwa ba sallama, domin a cikin Disambar nan ne Tiani ya fito da Hausa ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Malam Nuhu Ribadu ya mai da masa martani. A watan Maris na 2025 AES ta sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ake shigo da su daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS.

A wannan gaɓar masu murnar fitar ba su da amsa mai gamsarwa. Ana iya ƙin takunkumi, a ƙi Faransa, amma a nemi a rubuta wa ɗan kasuwar Dawanau da makiyayin Dakoro abin da za su dogara da shi. Akwai kuma batun ma'aikatan ƙungiyar 'yan ƙasashen uku, da basussukan bankinta na Lome, da hukumar lafiyarta da aka kafa a Bobo-Dioulasso, da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da Nijeriya ta ɗauki nauyin ginawa. Zaman farko tsakanin ɓangarorin biyu bai yiwu ba sai ranar 22 ga Mayun 2025 a Bamako, wata huɗu bayan an rabu.

Tsofaffin ma'aikatan Barnawa sukan kawo misalin Muritaniya. Ta ba da sanarwa a Disambar 1999, ta fita a 2000, sa'an nan sai a 2017 ta dawo ta sa hannu a kan yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar. Muritaniya kuwa ba ta da iyakar kilomita wajen 1,500 da jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno.