Wa Yake Riƙe da Yaro? Tarbiyyar Gida da Karatun Boko

A shekarar 1966 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Diana Baumrind, ta kasa iyaye gida uku: masu tsanani, waɗanda ba a tambayarsu dalili, masu sake, waɗanda kan sangarta yaro, da masu tsawatawa amma su bayyana dalili su kuma ja yaro a jiki. Bincikenta ya nuna 'ya'yan kashi na uku sun fi natsuwa da dogaro da kai.

Sai dai wannan ma'auni an gina shi ne bisa gidan da uwa da uba kaɗai ke renon ɗansu. A ƙasar Hausa kuwa al'amarin ya fi haka faɗi. Bisa al'ada, uwa tana kunyar ɗan farinta, ba ta ambaton sunansa, ba ta wasa da shi a gaban jama'a. Baƙon da ya ga haka zai zaci ƙiyayya ce, alhali kuwa kara ce. Sau da yawa bayan yaye akan ba da yaro riƙo ga kaka ko gwaggo, ita ce za ta san cinsa da kwanansa da ranar da ya ƙi makaranta. Saboda haka hedimastan da ya aika a kira uba, ya ƙyale mariƙiya, ya yi sallama ne a ƙofar da ba kowa.

Wannan ya fito fili a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. A waɗannan shekaru Enid Schildkrout ta yi bincike a birnin Kano, ta nuna cewa matan da ke kulle da yara suka dogara wajen sana'a. Yarinya ke kai tallar ƙosai ko tuwo, ita ke cefane, ita ke kai saƙo gida gida, kuma ribar tallar akan tara ta ne don kayan ɗakinta. Watau uwar da ta hana 'yarta zuwa aji ba lalle sakaci ta yi ba, tanadin aure take mata ta hanyar da ta sani. Gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, amma ba ta maye wa uwar gurbin farantin talla ba, ga shi kuwa lokacin aji da lokacin cinikin safe duk ɗaya ne.